Mai Singileti a Madubin Inna Aina'u

Inna Aina'u yayar mahaifiyata ce. A wani ƙauye bayan Tofa aka haife ta, nan ta yi aure, nan mijinta ya rasu ya bar mata gona da ɗa guda, Abdulkabir. Shekara talatin tana suyar ƙosai, kuma duk wanda ya ce ya sha mai, sai ya ji abin da bai zo saya ba.

Abdulkabir ne ya gyara ɗakin zaure, ya sa tallarsa a intanet don baƙi masu zuwa jami'a: kwana da karin kumallo. Sai dai gwanin naku bai duba hoton da ya ɗauka ba. Ga gado, ga labule, ga shi kuma tsaye a madubin kwaba, daga shi sai singileti mai huji, ya turo harshe gefe yana saita waya.

Wata biyu bayan nan mota ta kife da shi a hanyar Bagwai, ya rasu. Ko wayarsa ba a samu ba.

Tallar ta dawo hannuna. Duk Juma'a nakan je in karanta wa Inna abin da baƙi suka rubuta. Wani ya ce ƙosai ya yi, amma akuya ta cinye masa sabulu. Wata ta rage tauraro ɗaya wai zakara ba ya duba agogo. Mafi yawa kuwa hoton suke tsokana. "Mai singiletin yana cikin kuɗin ɗakin?" "Mun buɗe kwaba, ba mu same shi ba." "A gaida mai singileti, a saya masa sabuwa."

Inna takan yi dariya har ta share ido da bakin zani.

"Ja'irin yaro," in ji ta. "Sau nawa na ce ya yar da tsumman nan? Sake karanto min, Juwairiyya."

Ni kuwa abin yana min ciwo. Ɗan'uwana yana kabari, waɗanda ba su san shi ba suna mai da shi abin raha. Ban yi shawara da kowa ba. Na wanke mata hoton a unguwar Rijiyar Zaki, na sa a firam, na ɗauki sabo na saka a tallar. Har ina jin na yi abin kirki.

Ta karɓi firam ɗin ta yi godiya. Juma'a uku ina karanta mata: ɗaki tsaf, ƙosai da zafi, taurari biyar. A ta huɗu ta ajiye tsintsiyar hannunta.

"Babu wanda ya tambaye shi?"

"Babu, Inna."

"A nan garin an daina kiran sunansa a gabana, wai kada in yi kuka. Su kaɗai suka rage masu cewa a gaishe shi."

A ranar na gaya mata abin da na yi, na mayar da tsohon hoton a tallar. Juma'a ta zagayo na zo da waya, ta ce in bar ta a jaka.

"A da ban san ana iya cire shi da yatsa ɗaya ba," ta ce.

Ba ta ƙara cewa in karanta mata ba.