Uwa Ta Yi Sanyi, Malam

Ina kan tsani a wani gida a Unguwar Rimi, ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki, sai wayata ta yi ƙara. Rabi ce, babbar 'yar Malam Isiyaku. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. "Yaya Bulus, Allah ya yi wa Baba rasuwa. Bayan la'asar za a kai shi." Ban san yadda na sauko ba. Da na buɗe bayan mota in zuba kayan aiki, sai na yi ido biyu da bututun jan ƙarfen da ya yi mako uku yana jira in kai masa.

Malam Isiyaku ne ya koya mini aikin lantarki a makarantar koyon sana'a. Da ya yi ritaya bai zauna ba, ya buɗe ɗan shago a ƙofar gidansa a Kurmin Mashi yana naɗin koyil na fanka. Amma ransa yana ga wata na'ura da ya haɗa da hannunsa a ƙuryar shagon, wadda ke ɗaga ƙarfin wuta har ta riƙa tofar da tartsatsi cikin iska kamar ƙaramar walƙiya. Naɗi biyu gare ta. Na ƙasa, zagaye kaɗan na waya mai kauri, shi yake kira uwa. Na tsakiya, siririyar waya da aka naɗe a jikin dogon bututun roba, ita ce 'ya. Yakan ce, "'Ya ke shan tafi, uwa ke shan zafi."

Zafin nan ne ya hana shi sakat. In ya kunna, kafin ka ƙirga ashirin uwa ta ɗau zafi, robar jikinta ta fara ƙauri, dole ya kashe. Burinsa ɗaya ne: ya kai na'urar gaban ɗaliban tsohuwar makarantarsa, ta yi ta aiki har ya gama bayani, ba sai ya katse magana ya ruga wajen makunni ba.

Kowace Lahadi in na taso daga coci nakan biya ta wajensa. Ni na nace a ƙara kaurin waya, har na kawo masa wata kamar babban yatsa. Ya dube ta, ya dube ni. "Kai dai Bulus, komai ya dame ka sai ka ce a ƙaro tuwo." Duk da haka ya bar ni na naɗa, don bai taɓa hana ɗalibi yin kuskurensa ba. Ta yi zafi kusan kamar da. Sai da na share gumi sannan ya fahimtar da ni cewa wutar da ke kai da komo da tsananin sauri irin ta wannan na'ura ba ta ratsa cikin ƙarfe, a fatarsa take gudu. Faɗin fata ake nema, wato bututu mai rami, irin wanda nake aiki da shi kullum. Kuma a bar tazara tsakanin zagaye da zagaye. "Ko 'yan'uwa in sun cika matsuwa, zafi suke yi," in ji shi.

Na ce zan kawo. Lahadi ta farko aiki ya kai ni Mando. Ta biyu aka yi ruwa. Ta uku ba ni da wani dalili, ƙiwuya ce kawai. Ya kira ni, bai yi faɗa ba. "Uwa dai tana gaishe ka," ya ce. Na yi dariya na ce sai mako mai zuwa. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma har yau tana cina a rai.

Bayan sadakar bakwai, Mama Hauwa, maiɗakinsa, ta miƙo mini makullin shagon. "Je ka ƙarasa masa, Bulus. Ni ban san kan abin ba, amma na san sau nawa tuwonsa ya huce saboda shi."

Na tarar ya riga ya yanka katakan da za su riƙe bututun, ya fere gurbi-gurbi a jikinsu, kowane daidai kaurin bututun da ban kawo ba. Ashe bai taɓa shakkar zan zo ba.

Na naɗa, na goge kowace mahaɗa sai da ta yi ƙyalli, na tura taga don shagon ya yi duhu, na kunna. Tartsatsi ya tashi. Na ƙirga ashirin, na wuce ɗari, har na daina ƙirga. Na kashe, na sauke ragowar wutar da ke cikin kwandansa, wato ma'ajiyar wutar na'urar, kamar yadda ya hore mu, sannan na ɗora hannu. Ɗan ɗumi ne kawai. Na juya wajen kujerarsa da murna, bakina a buɗe. Ba kowa sai hularsa a rataye.

Zan kai na'urar gaban ɗaliban nan, zan yi bayanin da kalmominka. Uwa ta yi sanyi, Malam, ni ne na makara.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya raya Rabi da ƙannenta, ya haɗa kansu. Mama Hauwa kuwa, wadda ta sha zafin gidan nan ba tare da an tafa mata ba, Allah ya sanyaya mata zuciya. Amin.