Tafin Goggo Asabe

Jama'a, duk wanda ya san Goggo Asabe ya san ba da baki take sallama ba, da tafi take yi. Kana zaune a flat ɗinka sai ka ji faf, faf, faf daga matakala, ka san ta iso, ka yi maza ka ɓoye duk abin da ba ka so a saka a waƙa. A layin bas tana tafi, a ɗakin jiran GP, likitan unguwa, tana tafi, ko injin wanki ne ya fara juyi sai ta ce ya ba ta kiɗa, ta ɗaga kafaɗa. Ni Rahila, 'yar ƙaninta da ta riƙe tun rasuwar iyayena, na fi kowa shan kunyar nan a Manchester. Don haka yau da muka taru tunawa da ita, ku bar ni in rama.

Goggo ba ta haihu ba, ni kaɗai ce gare ta, ita kaɗai ce gare ni. Abu ɗaya ne ke damunta a duniya: ranar da za a aurar da ni a ƙasar da ba mu da dangi, wa zai tsaya a bayana? Ku riƙe wannan, don can za mu ƙare.

Asalin tafin daga wurin aiki ne. Kun san kula da tsofaffi take yi gida-gida, a shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, council, wato hukumar gari, ya rage komai, har lokacin da ake ba ma'aikaciya a gidan tsoho. Ko shayi bai huce ba an ce ki tashi. A Whalley Range aka haɗa ta da wata tsohuwa 'yar Panjab da kowa ke kira Bibi. Tun da aka rufe zauren da tsofaffin matansu ke haɗuwa su yi rawa, Bibi ta dasa kanta a kujera ta ƙi tashi. Ba ta ci, ba ta magana, sai harara. Goggo ta yi lallashi da ɗan Turancinta har ta gaji. Rannan haushi ya kama ta, ta tafa hannu a gaban tsohuwar ta ce da Hausa, "Ke tsohuwar nan, kin fi jaki taurin kai!"

Bibi ta ɗago. Ta tafa nata hannun, ta mayar mata da wani dogon zance da yarensu, tana rera shi. Goggo ta ƙara tafi ta ƙara zagi, Bibi ta ƙara nata. Kafin a ankara, tsohuwar da aka ce ba ta tashi tana tsaye tana buga ƙafa.

Da ta ba ni labari na ce, "Me ta ce miki, Goggo?"

"Ina na sani? Amma zagi ne, kuma ta iya."

Ashe haka rawar matansu take, gidda suke ce mata. Mata su yi da'ira suna tafi, ɗaya ta shiga tsakiya ta yi wa wani habaici a waƙa, ko suruka ko miji ko maƙwabciya, a yi dariya, wata ta shiga ta rama. Kai! Mace mai baki irin na Goggo ta sami rawar da ake zagin mutum a tafa mata? Ai shi ke nan.

"Rahila, gaɗa ce! Gaɗarmu ta dandali suka sata suka yafa mata gyale mai ƙyalli."

"Haba Goggo, ina Panjab ina Kafancan?"

"Ke, ɓarawo yana jin nisa ne?"

Har ta bar duniya ba ta janye wannan ƙarar ba. Bibi kuma ta dage mu ne ɓarayin.

Da yake an rufe zauren, sai Goggo ta buɗe nata. A ina? A falonmu. Duk ranar hutunta sai ta tattaro Bibi da ƙawayenta, a ture kujeru, a hau tafi. Ni ina ɗaki ina fama da karatun jami'a, bene na girgiza. Baturen da ke ƙasa da mu ya hau da jan ido ya ce zai kai ƙara council.

Goggo ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Je ka, ɗana. In ka same su a buɗe, ka gaishe su."

Fasto, ga ku nan zaune, ba zan tsallake ku ba. Kun tuna ranar godiyar kaka? Mu da gonarmu ita ce kanti, kowa ya kawo waken gwangwani da taliya don a kai wa masu karɓar abincin taimako. Zumuntar mata suna tafe a jere suna waƙa cikin ladabi, sai ga Goggo da gwangwani a ka, hannu biyu a sama, ƙafa ɗaya a ɗage, kafaɗu na ɓari. Wai bangara ce, rawar da manoman Panjab ke yi in alkama ta nuna. Ta maza ce ma, amma wa ya isa ya gaya mata? Bayan sujada Fasto ya ja ta gefe.

"Mama Asabe, wannan rawar fa ba tamu ba ce."

"Fasto, waken nan ma ba namu ba ne, ga sunan kanti a jikinsa. Kun karɓa."

"A'a, ina nufin ba ta Kirista ba ce."

"To wanne ne bai yi baftisma ba, kafaɗata ko gwiwata? Ku nuna mini in kawo shi ranar Lahadi."

Fasto bai sake ɗaga zancen ba, kuma na ga ƙafarsa na motsi a ƙarƙashin tebur a godiyar da ta biyo baya.

Sai Ishaku ya fito neman aurena. Mahaifiyarsa ta gayyace mu Birmingham cin abinci don a san juna. Mama, ga ku can a gaba, ku yi haƙuri, ku daina hararata, yau sai na faɗa. Tun a jirgin ƙasa nake roƙo: "Goggo, don Allah yau ɗaya tak, ban da tafi." Ta ce ta ji. Muna sauka daga bas a Sparkhill, a kan Stratford Road, sai muka ci karo da bikin wasu 'yan Panjab da ba mu taɓa gani ba, ana dukan babbar gangarsu mai suna dol. Goggo ta miƙa mini jakarta kamar wadda za ta shiga bayi, ta kutsa cikinsu. Na yi kira, na yi magiya, ina! Abinci ya huce kafin mu isa, ta shiga gidan surukai tana zufa, ɗankwali a karkace, da alewar bikin mutane a ƙulle a gefen zane.

Mama ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta juyo gare ni. "Rahila, ban da wannan baiwar Allah, wa kike da shi a ƙasar nan? Ina tambaya ne saboda zaure. Kada mu jera kujeru a ɓangarenku su zauna babu kowa."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Goggo ta yi shiru. Ta ci abincinta, ta yi godiya, muka fito. Har jirgi ya yi nisa hannayenta na kan cinya. Sai da muka kusa Manchester ta ce, "Kujeru ko? Za ta ga kujeru."

Ashe Bibi ta taɓa gaya mata wata al'adarsu: ranar biki, matan gidan amarya su ke tarbar dangin ango da waƙar zagi, a yi musu tas a gaban jama'a, su kuma su rama. Wai da haka surukai ke sanin yarinya tana da masu baki a bayanta. Goggo ta ce wannan ita ce magana mafi hankali da ta ji tun zuwanta Ingila. Ni kuwa na ce in ta kuskura ta zagi surukaina, zan gudu daga zauren da rigar amarya.

A tsakanin nan ne numfashinta ya fara sarƙewa. GP ya ce zuciya ce, ta rage rawa.

Ta dawo tana huci. "Bara ya ce in riƙa motsa jiki, bana ya ce in rage. Sun rage bas, sun rage laburare, sun rage zauren tsofaffi, yanzu ni ce za a rage? Ya je ya rage gemunsa."

Ba ta rage komai ba, ƙarawa ma ta yi. Sai dai yanzu in tsofaffin sun zo, korata take yi: "Tafi Withington wurin ƙawarki, ki bar manya su sha iska." Na taɓa dawowa da wuri na ji Bibi tana ta maimaita "kujeru, kujeru" kamar mai haddar darasi. Na ɗauka tsufa ne.

Wata safiya, ana ta shirin biki, Goggo ta faɗi a tashar bas kan hanyarta ta zuwa aiki. Ba ta tashi ba.

Ranar auren kun gani da idonku. Ɓangaren ango ya cika maƙil, namu kuwa 'yan zumuntar mata ne da suka samu zuwa daga Manchester, sauran kujeru sun yi mini zuru. Ina kuka a ƙarƙashin mayafi, mutane na cewa kukan amarya ne. Ba shi ba ne. Maraici nake ji kamar ranar aka yi mini shi.

Sai na ji faf, faf, faf daga matakala.

Ƙofa ta buɗe, ga Bibi a keken marasa lafiya, 'yarta na tura ta. Bayanta ƙawayenta, da 'ya'yansu, da jikokinsu, da mai dol, gyale sai ƙyalli yake. Suka yi da'ira a gaban teburin surukai. Bibi ta dafa keken ta miƙe, ta nuna Mama da yatsa, ta rera da Hausa, harshe na karyewa amma kowace kalma ta fita:

"Uwar ango, uwar ango,
Kin ƙirga kujeru, zo ki ƙirga mu.
Ɗanki dogo, sandar fitilar titi,
Kai a sama, ba wuta."

Wata tsohuwar ta karɓa:

"Miyarki ruwa, uwar ango,
Mun ci don kunya, ba don daɗi ba.
'Yarmu aro muka ba ku,
In ta rame muna nan dawowa."

Ishaku ya sunkuya kamar zai shige ƙarƙashin tebur. Na ce shi ke nan, Goggo ta kashe mini aure daga kabari. Sai Mama ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta shiga tsakiyar da'irar ta tafa hannu. Ta fara ramawa, "Asabe mai bakin reza, kin tafi kin bar mana bakin," ba ta kai ƙarshe ba kuka ya ƙwace mata. Ta zo ta rungume ni ta ce, "Ashe kina da dangi, 'yata. Masu baki kuwa."

Kujeru suka ƙare a ranar. 'Yan'uwan ango ne suka ci shinkafa a tsaye.

Goggo, kin san ba za ki kai ba, shi ya sa kika zuba bakinki a bakin wasu kika bar mini. Ubangiji ya karɓe ki da hannu biyu, ya ba ki hutun da kika ƙi yi a nan. Ya tsaya a bayanki yadda kika tsaya a bayana. In kuma akwai fili a can, ya bar ki ki tafa. Amin.