Kaset Ukun da Ba Mai Saye

Da hantsin wata Asabar, bayan Babbar Sallar 1984, Kawu Mamman ya shimfiɗa tabarma a gindin aduwar ƙofar gidan kakanninmu a Turba, ya zazzage jakarsa, ya ce a kira masa ni da taubashina Lawali. Shekarar ce gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, kaka ta zo ta wuce ba wanda ya nemi igiyar ɗaure dami. Maza sun fara watsewa cin rani, mahaifina ya riga ya tafi, shi ya sa ni da Inna muka komo gidan iyayenta. Kawu Mamman ƙanen Inna ne, autansu, kuma ranar shi ma zai bi motar garin Isa ya gangara Kurmi. A kan tabarmar akwai rakodarsa mai hannu, wadda duk Turba ba wanda bai san muryarta ba, da kaset huɗu. Na zo da gudu hannuna jiƙe da ruwan hanza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da yunwa ta sa muka koma ci, raina fari tas, don na tabbata duk gidan ba wanda Kawu yake so kamata. Ni nake kai masa ruwan alwala, ni yake goyawa a keke in za shi fadama. Sai ya ɗauki rakodar ya aza wa Lawali a cinya, ya ɗora jan kaset a kanta. Ni kuwa ya miƙo mini sauran ukun, ya ce, "Hajo, riƙe min waɗanga, za ni komowa in ruwa ya sauka." Na karɓa da hannu biyu yadda aka koya mini, na ce na gode, amma Allah ya sani ban gode ba.

Kaset ɗin duka huɗu na Illo Mai Waya ne, wani makaɗin jitar lantarki daga ƙetaren iyaka, wanda tun lokacin furfura ta cika masa gemu. Kawu ya ce mutumin ya daɗe yana kiɗa a birane tun kafin a haife mu, da ganguna irin na Turawa da jita mai kururuwa. Ba ma kiran kaset da suna, da launi muke gane su. Jan shi ne wanda duniya ta sani. In aka sa shi, ganga ce za ta fara faɗowa, jita ta biyo ta da ihu, sai ka ga yaro ya yar da tallan da ke kansa ya shiga tsalle. Direbobin Sabon Birni shi suke sawa, masu shayi shi suke sawa, 'yan mata sun ɗauke amshinsa sun mai da shi waƙar gaɗa. Nawa ukun kuwa, fari da ruwan toka da wani da takardarsa ta ɓare, ko Kawu ban taɓa jin ya sa su a bainar jama'a ba. Sai dai sau ɗaya tak da ya gwada farin a majalisa, samari suka ce ya cire, wai ba zaman makoki suka zo ba.

Lawali ɗan yayan Inna ne, taubashina, ya girme ni kaɗan. Tun da can in ya ga dama sai ya ce ni baiwarsa ce, shi ɗan namiji ni ɗiyar mace, ni ma in rama da abin da ya zo bakina. Wannan duk wasa ne, ba ya zafi. Abin da ya yi zafi shi ne rakodar. Daga ranar da Kawu ya tafi Lawali ya daina tafiya irin ta mutane, sai ya rataya ta a kafaɗa ya karkace wuya, yara na bin sa a baya kamar 'yan awaki sun ga mai dusa. A filin makaranta akan bar langa a zagaye shi, wannan ya ba shi goruba, wancan ya ba shi ƙwallon aduwa, don dai ya danna maɓallin nan sau ɗaya. Ni kuwa ina can bakin rijiya ina jan guga mai zuwa da rabin laka, ko ina canja wa hanza ruwa don ɗacinta ya fita, ko muna bin jeji da Inna muna tsintar busasshiyar tafasa, kiɗan yana iso ni daga nesa. Kishi nake yi, ba na ɓoyewa. In na ji an ce "rakodar Lawali" sai in ji kamar an taka mini sabon miki. Na sa kaset ɗina a ƙasan kwallar Inna, in ba kowa in ciro su in juya, in tambayi kaina laifin da na yi wa Kawu da zai bar mini muryar da ba ta da baki.

Batir ne ya fara sauya lissafin. A shekarar da ake auna garin rogo da gwangwani, ba uban da zai sayi batir don yaro ya yi rawa. Waɗanda Kawu ya bari suka fara sanyi, sai Lawali ya koma dabarar da kowa ya sani. Da safe a jera su a kan dangar kara rana ta gasa su, a ɗan daddaka gefensu da dutse, zuwa la'asar sai su farfaɗo na ɗan lokaci. Ba a yarda rakoda ta mai da zare baya da kanta, biro ake zurawa a ramin kaset a yi ta juyawa da hannu. Ni ce mai shanya, ni ce mai juya biro, ladana kuwa shi ne in ƙarfin batir ya kusa ƙarewa, yara sun watse, sai Lawali ya turo mini rakodar da ƙafa ya ce, "To baiwa, sa na makokinki." Haka na fara jin Illon da ba wanda ya damu da shi, ina durƙushe bayan rumbun da ba komai cikinsa, kunnena manne da lasifika.

Da haushi na fara saurare, don in samu abin da zan yi wa Lawali gori da shi. A hankali sai kiɗan ya kama ni da gaske. A farin kaset Illo shi kaɗai ne da jitarsa, ba ganga, har ana jin yatsansa yana zamewa a kan waya da numfashin da yake ja kafin ya ɗaga murya. Na ruwan tokan da wani mai gurmi suka yi shi, jita ta faɗi magana gurmi ya mayar mata, ba wanda yake danne wani. Na ukun ya fi su wuyar shiga, muryarsa ta dushe kamar wanda ya tashi daga ciwo, waƙoƙin dogaye ne ba su da amshin da za a kama, yana ta zancen wani gari da aka bari da ƙofofi a buɗe. Jan kaset in ka ji shi sau biyu ka gama da shi, abin da ya ba ka jiya shi zai ba ka gobe. Waɗannan kuwa kullum sai na tsinci wani abu da ban ji ba a baya, wani ɗan lanƙwasa da ya yi wa waya, ko wurin da ya yi shiru da gangan ya bar ka kana jira. Na haddace su tsaf, har in ina daka sai in ji taɓarya tana bin su.

Da rani ya yi nisa, batiran suka kai inda ko an shanya su ba sa iya jan kiɗa mai gudu. Lawali ya sa jan kaset gaban abokansa, ganga ta fito tana jan ƙafa, ihun jitar ya koma nishin tsohon jaki, yara suka fashe da dariya suka tafi. Nawa kuwa da ma tafiyar hawainiya suke yi, don haka sanyin batir bai ɓata su ba, sai ma ya ƙara wa muryar Illo nauyi. Wata la'asar ina sauraren farin a gindin aduwa, Baffa Ja'e ya tsaya a kaina. Bafillace ne daga wajen Alkalawa, ya sauka kusa da mu da ragowar shanunsa, waɗanda a lokacin sai an kama wutsiya ake tashe su. Mutum ne da ban taɓa jin ya yi maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ya dogara sandarsa, ya saurara har zaren ya ƙare, sa'an nan ya ce, "Ɗiyata, maido shi baya." Na juya biro, ya zauna a ƙasa. Kashegari ya komo da wani tsoho, bayan nan dattawan da ba su da ƙarfin tafiya cin rani suka mai da wurin mazauninsu tsakanin la'asar da magariba. Ba mai rawa, ba mai magana, sai dai wani ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta.

Kada a ce kishina ya kwanta, a nan ma ya fi tashi. Da Lawali ya ga manya sun taru, sai ya karɓe rakodarsa ya zauna tsakiya ya harɗe, ni aka koma aikena ɗebo ruwa. Da kunnena na ji wani tsoho yana cewa, "Yaron ga Lawali ya san kiɗi, Allah shi yi mai albarka." Lawalin da bai san farko ko ƙarshen waƙa ɗaya a ciki ba! Ranar ko tuwon dusar ban iya ci ba. Washegari na bar kaset ɗina a ƙasan kwalla na zauna tsakar gida ina carafke ni kaɗai. Dattawa suka taru, Lawali ya shigo yana zare ido yana raɗa, "Ke Hajo, kawo mana, mutane na jira." Na ce ya je ya sa masu ja. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ban ɗaga kai ba. Daga zaure na jiyo Baffa Ja'e yana tambaya ko lafiya, na kuma jiyo Lawali, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Kaset ɗin ba nawa na ba, na Hajo na." Sai da na tabbata kowa ya ji, sa'an nan na fito da su a gefen zanena, na zauna kusa da rakodar, kuma daga ranar ba a sake aikena rijiya a wannan lokacin ba.

Daɗin bai daɗe ba. Kafin bazara abinci ya ƙare ƙaf a gidan, mahaifin Lawali ya naɗe rakodar a tsumma ya tafi da ita kasuwar Sabon Birni, ya komo da gero a ƙaramin buhu. Ya haɗa da kaset ɗin duka huɗu, amma mai sayen ya ce jan ya tsufa zarensa ya tauye, sauran kuwa ko kyauta ba ya so, don haka aka dawo mana da su. Lawali ya yi kuka har da shessheƙa. Na so in ji daɗi, na kasa, saboda gindin aduwa ya yi tsit, Baffa Ja'e kuma ya kora 'yan shanun da suka rage ya yi kudu.

Kawu Mamman ya komo bayan ruwan shuka, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Lawali ne ya riga ni isa, ya karɓi jaka, ya zauna jikinsa yana ba shi labarin rakoda, ya kawo jan kaset yana nuna inda zaren ya lalace. Ni ina rakuɓe bakin zaure, tsohon ciwon yana motsi. Kawu ya juya jan a hannu ya ajiye, ya ce wannan ko'ina akwai shi, kowace tasha ya sauka a Kurmi shi ake sawa. Sa'an nan ya ɗago ya ce, "Hajo, ina nawa?" Na kawo su. Ba abin da za a sa su a ciki, sai ya riƙe farin ya lumshe ido ya fara rera waƙar farko a hankali. Da ya kai tsakiya ya kakare, ni kuwa na ɗauka daga inda ya tsaya, har da wurin da Illo yake yin shiru, na kai ta ƙarshe. Na dubi Lawali, na ga a fuskarsa abin da na yi rani guda ina ɗauke da shi. Amma bakina bai iya haƙuri ba, na ce, "Kawu, don mi ba ka ba ni rakodar ba?" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Rakoda ai na san sai an sai da ta in yunwa ta matsa. Abin da ba mai saye na ba ki, don in komo in ishe shi."

Yau Kawu ya daɗe da rasuwa, Turba kuma ta zama wurin da sai mun tambayi lafiyar hanya kafin mu je. Waƙoƙin jan kaset suna cikin wayar kowa, jikokina ma suna tsalle da su ba su san mai su ba. Na bi masu tura waƙa a waya a Isa da Sabon Birni ina tambayar sauran ukun, yaran suka dube ni kamar na ƙirƙiro su. Nawa suna nan a ƙasan akwati, zaren ya manne, ba rakodar da za ta karɓe su. Lawali, da furfurarsa, in muka haɗu wurin suna ko biki har gobe sai ya ce wa mutane shi Kawu ya bar wa rakoda, ni kuma har gobe sai na ji ɗan zafin nan ya tsarga mini. Sai kawai in kama rera waƙar farin kaset a hankali, in ga yana laluben inda za ta bi. Shi ya riƙe rakoda rani ɗaya, ni kiɗan yana bakina har yau.