Burauzar Da Malam Habu Bai Sani Ba

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji biyu a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu da ke bayan duwatsun Roni, na fara zama a gaban kwamfuta mai aiki. A Kazaure ne, cikin wani ɗaki mai fanka, janareta na ta ruri a bayan taga. An tara ɗaliban makarantu da dama don gwaji, waɗanda suka ci za a ba su horo kyauta lokacin hutu. Ni da ƙawata Binta aka zaɓa daga makarantarmu, kuma malaminmu na kwamfuta, Malam Habu, shi ya rako mu a motar haya.

Mu a makaranta babu kwamfuta, babu wuta. Abin da muke da shi wani faffaɗan kwali ne da Malam Habu ya zana burauza a kai, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, daidai yadda ya gan ta yana kwaleji. Ga jerin kalmomi a sama, ga kibiyar komawa baya, ga ɗan hoton gida, ga dogon akwatin adireshi, sai ƙaramin akwatin bincike a dama. Yana nunawa da tsumagiya, muna amsawa baki ɗaya. "Duk wanda ya san hoton nan ya san intanet," haka yake faɗa kullum. Da yamma in na gama surfe, na ɗebo ruwa, na ɗaure awaki, sai ni da Binta mu zana ta a tsakar gida kamar 'yar gala-gala, muna tsalle da ƙafa ɗaya daga kibiya zuwa gida. Ko a gonar gyaɗa ina bayan Baba ina tsince ciyawa, bakina yana bita. Ranar tafiyar ana tsaka da maimai, wato noma na biyu, hannu ɗaya ma da amfaninsa, amma Baba ya sallame ni, har ya gaya wa maƙwabtan gona cewa 'yarsa za ta Kazaure taɓa kwamfuta.

Mai kula da gwajin ya ce kowa ya buɗe burauza ya nemo bayani kan noman gyaɗa. Na ji daɗi, na kama linzamin kwamfutar, na danna. Abin da ya buɗe ban taɓa ganinsa ba. Jerin kalmomin nan babu shi. Ɗan gidan babu. Akwatin bincike ya ɓace, sai akwati ɗaya tal da farin fili fetal. Na waiwaya, na ga Binta ta ɗora hannu biyu a cinya, idonta ya ciko. Ko 'yan cikin gari da suka saba da kwamfuta gunaguni suke, wani yana cewa an kwashe masa komai.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, tawa ta lalace."

Mai kula ya leƙo, ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Sabuwa ce, cikin makon nan aka ɗora. Mu ma har yanzu lalube muke."

Ganin ɗakin ya rikice, sai ya ba malamai izini su shigo su ɗan nuna wa yaransu hanya. Hankalina ya kwanta, don a wurina babu abin da ya gagari Malam Habu. Ya sunkuya a kafaɗata, ya daɗe yana kallo, ya gyara hularsa, sannan a hankali ya ce, "Hauwa, ban san wannan ba."

Wannan maganar ta fi girgiza ni a kan ɓacewar akwatin. Ban taɓa jin babban mutum, balle malami, ya faɗi haka gaban yara ba. Kafin mu gano cewa akwatin nan ɗaya shi ne na adireshi shi ne na bincike, lokaci ya ƙure. Ba mu ci ba.

Muka hau mota muka kamo hanyar gida. Ni tunanin fuskar Baba nake. Da muka sauka, Malam Habu bai wuce gidansa ba, ya biyo ni har ƙofarmu, ya tarar da Baba yana wanke laka a ƙafa. Ya durƙusa suka gaisa, ya ce, "Alhaji, yarinyar nan duk abin da na koya mata ta riƙe. Abin ne aka sauya, ni kuma labari bai zo mini ba." Baba ya ce, "Ashe har ita ma kwamfutar sauya ta ake yi? Allah ya saka da alheri, Malam." Hutun nan kaf, duk Asabar sai a ga Malam Habu a kan kekensa ya nufi Kazaure, ya je shagon intanet ya zauna cikin samari yana tambayarsu.

Yau ina aiki a Kazaure, wayar hannuna tana sabunta kanta ban ma sani ba, 'yata kuwa in an sauya mata wani abu ko ɗagowa ba ta yi, yatsanta ya riga ya gano hanya. Malam Habu ya rasu 'yan shekarun baya. Mutane da yawa sun koya mini abin da suka sani. Shi kaɗai ne ya tsaya a gabana ya ce bai sani ba.