Hoton da Suwaiba Ta Rataye a Bango

Wata rana, a wani shagon buga hotuna a Zariya, wani saurayi ya miƙa wa Suwaiba, mai aiki a shagon, wayarsa ya ce ta bugo masa hoto babba.

Har yau tana tuna hoton. Baƙin fili, an yayyafa masa ɗige-ɗige kore da ja, kamar duwatsun ado a kan mayafi.

Ta ce, "Malam, wannan atamfar a ina ake sayar da ita?"

Ya yi dariya har da dafa teburi. Sunansa Mudassir, yana bincike kan sankarar mama. Hoton kuwa na cikin ƙarin sankara ne, na'ura ta girmama shi.

Ya bi ɗigon da yatsa yana yi mata bayani. Korayen sojojin jiki ne, sun zo yaƙar cutar. Jajayen ma 'yan gida ne, aikinsu kwantar da tarzoma idan jiki ya ji rauni. Sai ƙarin ya janye su, su riƙa zagaya sojojin suna lallashi: ba komai, ɗan rauni ne, ku huta.

Sojoji su yi barci da makamai a hannu.

Ƙari ya ci gaba da girma.

Kwafi biyu ta buga a ranar, ta ɓoye ɗaya. Bayan aurenta da Mudassir ta sa shi a firam ta rataye a falo.

Shekaru suka tura. Tana shayar da 'yarsu Ikram ta ji ƙullutu a mamanta na hagu.

Yayarta ta ce nono ne ya kwanta, ta gasa da ruwan ɗumi. Gwaggo ta ce ita ma ta yi irinsa, da kansa ya baje. Duk masu sonta ne, maganarsu kuma da daɗin lulluɓa.

Aka yaye Ikram. Ƙullutun yana nan. Mudassir bai sani ba.

Wata rana da hantsi tana goge firam ɗin, rana ta faɗo kan gilashin, ɗige-ɗigen suna ƙyalli kamar za su motsa. Mudassir ya shigo ya ce, "Maman Ikram, kwana biyu kin yi shiru. Lafiya?"

"Ba kom..."

Ta tsaya.

"Abban Ikram, jajayen nan mugaye ne?"

"A'a. Zaman lafiya suke so. Lokacin ne ba na lallashi ba."

Ta ajiye tsumman. Ta kama hannunsa ta ɗora a wurin, tana kallon yadda fuskarsa ta canja.

Ta ce, "Ɗauko mukullin mota, yau za mu asibiti. Ko me suka gani, na yi maka alkawari ba zan ƙara ce maka ba komai ba."

Darasi: Wani lokaci mai ƙaunarki ne zai sa ki barci a ranar da ya kamata ki tashi. Ki karɓi ƙaunar, amma ki je a duba ki.

Ki tura wa wadda kike so ta daɗe a duniya.