Mai Ciki a Bayan Katangar Otal

Malama Irene, rubuta yadda na faɗa, ki karanta wa matan zumunta.

Akwai wata yarinya da nake gani duk Asabar da yamma, in na kai kunu bakin otal ɗin nan na Unguwar Boro inda samari masu jita ke wasa. Ban san sunanta ba. Cikinta zai kai wata takwas, ƙafafu sun kumbura, ga wata koɗaɗɗiyar rigar namiji da ta yi mata yawa a kafaɗa. Ba ta shiga, ba ta rawa. Sai ta zaga bayan katanga, daidai inda lasifika take, ta manna cikinta da bango, ta rufe ido.

Allah ya gafarta mini, da na ɗauka 'yar duniya ce. Direban makaɗan ya ce har Kakuri take bin su.

Shekaranjiya na miƙa mata kunu, na ce, "'Yata, ƙarar nan ba ta damun yaron?"

Ta ce, "Mama, jitar da kike ji ta babansa ce. Wani ne ke kaɗa ta yanzu." Ta kama hannuna ta ɗora a kan cikinta. Yaron na ta motsi.

Ban tambaya ba ko mutuwa ce ko gudu.

Direban ya ce sati mai zuwa za su koma Jos gaba ɗaya, da jitar. Ita ba ta sani ba, ni kuma bakina ya yi nauyi. Ku sa ta a addu'a.