Markaɗen Asuba

Shekarar da aka kawo mana wutar sola a Daudawa, na sayar wa maƙwabcina tsohon injin markaɗena mai shan dizal, na sayo na lantarki. Sai da na kafa shi na gane tsarin kamfanin wutar: da tsakar rana wuta araha, da asuba kuwa tsada, don daga batir ake jawo ta.

Ni kuwa masu ƙosai ne abokan cinikina, kuma da asuba suke kawo wake. Na kasa zaune na kasa tsaye. Kullum ina bakin rumfa ina leƙen sama, ina jin haushin rana da nawarta.

Da abin ya ishe ni na tari Hajiya, tsohuwar da ta fi kowa ciniki a unguwarmu, na roƙe ta ta riƙa zuwa da azahar.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗan nan, ƙullu in ya kwana tsami yake yi. Su masu wutar ba su cin ƙosai ne?"

Washegari da asuba na jiyo ƙarar tsohon injina daga gidan maƙwabcina. Ko leƙawa ban yi ba, na san inda bokitan waken suka koma.